Yadda Dajin Amazon Ya Buɗe Mini Baki

'Yan'uwana mata, musamman ƙannena 'yan makaranta masu jin kunyar ɗaga hannu a aji. Ku matso kusa, labarin nan naku ne.

A shekarar 2019 aiki ya kai maigidana birnin Kito, babban birnin ƙasar Ikwado da ke Kudancin Amurka, ni kuma na bi shi da 'yar akwatina. Garin a kan duwatsu yake, bisansa daga teku ya kai mita 2,850, saboda haka a makon farko ko matakalar bene na hau sai na tsaya ina haki kamar wadda ta yi dakan gero. Amma wannan duk mai sauƙi ne. Babbar matsalar ita ce baki. Mutanen nan Sifaniyanci suke yi, Turancin da nake taƙama da shi tun daga sakandare kuwa ko tumatir ba ya saya mini a kasuwa.

Sai Maigida ya sa ni a wata 'yar makarantar koyon harshen. Da farko abin ya yi mini daɗi, don na tarar da kalmomin da na sani tun a Islamiyya. Sukari "azúcar" suke cewa, mai kuwa "aceite", daga zaitun Larabawa, in kuma suna fatan wani abu ya faru sai su ce "ojalá", wadda asalinta daga faɗin in Allah Ya so ne. Malamarmu ta ce wannan gadon zaman da Musulmi suka yi ne a Andalus, daga 711 zuwa 1492. Na ce a raina, ashe ma gida na zo.

Ana nan rannan malama ta ce in tashi in yi bayanin garinmu. Na miƙe, kalmomi suka gudu suka bar ni. Ina so in ce kunya nake ji, sai na tuna wata kalma mai kama da ta Turanci, na ce, "Estoy embarazada." Wayyo ni! Malama ta taso da gudu ta rungume ni, 'yan aji suka hau tafi. Ashe cewa na yi ina da juna biyu. Da aka gane, aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Ba da mugunta suka yi ba, na sani, amma ni dai ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Tun daga ranar na kulle bakina. Rubutu in ci, jarrabawa in ci, magana kuwa sai dai in gyaɗa kai kamar ƙadangaruwa. Wata guda cur ina haka, har na fara ce wa Maigida ni gida zan koma.

Ana cikin haka makaranta ta shirya tafiyar kwana huɗu zuwa gandun dajin Kuyabeno, wani yanki na kurmin Amazon da gwamnatin ƙasar ta killace tun 1979, faɗinsa kusan hekta 600,000. Sharaɗin tafiyar ɗaya ne: jagora ba zai yi Turanci ba. Na ce ba ni zuwa. Maigida ya ce, "Haba Amarya, mu zo har nan mu koma ba mu ga Amazon ba? Shirya, tare za mu."

Kwana muka yi a mota muna gangarowa daga duwatsu zuwa garin Lago Agiriyo, garin man fetur, inda bututun mai ke bin gefen titi kamar maciji. Daga nan wata motar ta awa biyu zuwa bakin gada, sannan muka shiga dogon kwale-kwale mai inji. A nan aka haɗa mu da wasu iyali 'yan ƙasar, mata da miji da 'yarsu da ba ta wuce shekara bakwai ba. Yarinyar ta yi ta kallon mayafina tana murmushi, uwar ta yi mini magana, ni kuwa na gyaɗa kai kamar yadda na saba.

'Yan'uwa, ni da na tashi ina ganin daji shi ne ƙaya da sabara, ranar na san akwai daji akwai kurmi. Bishiyoyi sun haɗe ta sama har rana sai ta yi da gaske take leƙowa. Ruwan kogin baƙi ne wuluk kamar shayin da ya daɗe a wuta, jagora ya ce ganyen da ke ruɓewa a ciki ne ke rina shi. Birai ƙanana masu rawayen hannu suna tsalle daga reshe zuwa reshe, aku manya masu shuɗi da rawaya suna wucewa bibbiyu suna ihu. Can sai jagora ya kashe inji ya nuna sama ya ce, "Perezoso." Na san kalmar a littafi, ma'anarta malalaci. Na duba na duba, da ƙyar na hango wata dabba rataye a reshe kamar tsumman da iska ta maƙala. Ganye take ci, kuma tsabar nawa sai kamar sau ɗaya a mako take saukowa ƙasa, shi ma don ta kama ruwa. Maigida ya raɗa mini cewa ya san wani ƙaninsa mai irin wannan hali, na danne dariya.

Akwai wani tsuntsu mai tukku da shuɗiyar fuska, shi kuma talo-talo mai wari suke kiransa, don ganyen da yake ci a maƙoshinsa yake tsima kamar a tumbin saniya, warin kashin shanu yake yi. Mun ga mesar ruwa, wato anakonda, ta naɗe a kan wani kututture tana shan hantsi. Ba ta da dafi, matsewa take yi, amma ni dai na ja Ayatul Kursiyyu har muka wuce. Da yamma a babban tafkin da suke kira Laguna Girande, inda bishiyoyi ke tsaye tsamo-tsamo cikin ruwa, sai muka ji "fuuu!" a bayanmu. Dolfin ne na ruwan daɗi, bayansa ja-ja kamar fatar jariri, ya leƙo ya shaƙi iska ya nutse. Wasu suka yi tsalle cikin tafkin wai wanka. Ni kam na ce Allah Ya ba da sa'a.

To, a dare na biyu ne abin ya faru. Aka ba kowa dogon takalmin roba da tocila, wai za a zaga daji a ga masu yawon dare. Tun da rana jagora ya ja mana kunne kada wanda ya dafa bishiya bai haska ba, ya kuma nuna mana wata baƙar tururuwa da tsawonta ya kai gaɓar yatsa. "Conga" suke kiranta. Cinnaka a wajenta wasan yara ne, don raɗaɗin harbinta yana iya kwana ya yini a jikin babban mutum.

Muna tafe a layi, duhu kamar ka damƙa, kwaɗi da gyare sun cika kunne. Jagora na can gaba yana nuna wa mutane wani ƙaton gizo-gizo, uwar yarinyar nan ta matsa don ta gani, ni ce a bayan yarinyar. Takalmin ya yi mata yawa, ta yi tuntuɓe da saiwa, ta miƙa hannu za ta dafa wata bishiya. Tocilata na kan gindin bishiyar, sai na ga baƙaƙen abubuwan nan har uku suna hawa, daidai inda tafin hannunta zai sauka.

Wallahi ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "¡Cuidado! ¡No toques! ¡Conga!" Wato hattara, kar ki taɓa. Na faɗa da ƙarfin da har tsuntsaye suka tashi, na fizgo rigarta ta baya muka zube tare cikin taɓo. Jagora ya dawo a guje ya haska, ya kaɗa kai ya ce, "Muy bien, señora." Uwar ta rungume 'yarta, sannan ta juyo ta kama hannuwana biyu tana ta zuba godiya, hawaye na zubo mata. Ta tambaye ni yadda aka yi na gani, ni kuma jikina na rawa na shiga ba ta labari. Sai da muka kusa masauki na lura Maigida na ta kallona baki sake. Ashe tun ɗazu Sifaniyanci nake yi, karyayye, na maza a wurin na mata, na jiya a wurin na gobe, kuma ba wanda ya yi dariya.

Washegari aka kai mu ƙauyen mutanen Siyona, waɗanda kakanninsu ke zaune a bakin kogin nan tun kafin zuwan Turawa. A hanya muka tsaya gindin wata bishiya mai saiwoyi kamar katanga, jagora ya ce "ceibo". Na ɗaga kai na ce wannan ai 'yar'uwar rimi ce! Sannan wata dattijuwa ta ja mu gonarta ta tuge wani abu da suke kira "yuca". Rogo ne, 'yan'uwa, rogonmu na ƙuli da yaji. Ashe nan Kudancin Amurka ne asalinsa, Turawan Fotugal ne suka tsallaka da shi Afirka a ƙarni na 16.

Ta ɓare, ta wanke, ta miƙo magogi tana neman wanda zai gwada. Turawan cikinmu suka yi ta goge yatsunsu. Na naɗe hannun riga na durƙusa, kafin ka ce kwabo na cika mata akushi. Ta tsaya tana kallona, ta tambayi inda na koya. Na ce mata, "En mi país también comemos yuca," a ƙasarmu ma muna cin rogo. Na kwatanta mata yadda ake garin kwaki, inda kalma ta ƙare in ƙarasa da hannu. Ita kuma ta zuba gogaggen rogon a wata saƙar ɓawon itace ta murɗe har ruwan ya tsiyaye, ta tankaɗe, ta shimfiɗa a faffaɗan kasko na yumɓu. Ba gishiri, ba mai, ba ko ɗigon ruwa, sai ga gurasa fara sol da suke kira "casabe". Ta gutsuro ta farko mai zafi ta ba ni, ta ce in zauna ta koya mini juyawa. Biyu na ƙona kafin ta uku ta fito.

Ranar Litinin da muka koma aji, malama ta tambaya wa zai ba da labarin tafiya, idonta na tsallake ni kamar yadda ta saba don kada ta takura mini. Na ɗaga hannu. Da na zo wajen faɗuwarmu cikin taɓo, na dube ta na ce, "Tuve vergüenza," na ji kunya, da kalmar da ta dace wannan karon. Ta rufe baki tana dariya, ta ce in ci gaba, saura labarin anakonda.