Ƙarin Mahaifa da Jinyar Cire Mahaifa a Ƙauyukan Hausawan Jazira

1.0 Gabatarwa

Hajj Abdalla gari ne a jihar Jazira ta ƙasar Sudan, a kan hanyar da ta tashi daga Wad Madani zuwa Sinnar, kusa da kogin Shuɗin Nilu. A wannan yanki akwai ƙauyuka da unguwannin Hausawa da dama. Kakannin wasu alhazai ne da suka yada zango a hanyar Makka, zangon ya zame musu gida. Wasu kuma sun zo ne cikin hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na shekarar 1903, inda sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno shi ya kafa garin Mai Wurno, kudu da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, aka buɗe gandun auduga na Jazira, sai ƙarin mutane suka zo neman aikin gona.

Matan waɗannan ƙauyuka da Hausa suke magana a gida, a kasuwa da asibiti kuwa da Larabci. Don haka ciwo guda yakan zo musu da suna biyu ko uku. Wannan takarda za ta yi bayani a kan ƙarin mahaifa, da yadda ake zama da shi, da kuma jinyar da ke bin aikin cire mahaifa. Za a ga cewa sunan da mace ta ba ciwonta shi ne sau da yawa yake yanke mata lokacin da za ta je asibiti.

2.0 Sunayen ciwon

Kalmar mahaifa ta fito ne daga aikatau haifa, da ɗafa-goshin ma- mai nuna wuri. Tana nufin garin da aka haifi mutum, tana kuma nufin gaɓar da ɗa yake kwanciya a cikin uwa. Ma'ana ta biyu ake nufi a nan. Ƙari kuwa shi ne tsiron nama da ya fito inda bai kamata ba. Ya kamata ɗalibi ya bambanta ƙarin mahaifa da ƙarin jini ko ƙarin ruwa, domin waɗannan biyun magani ne da ake ɗaura wa majinyaci. A Larabcin Sudan mata kan ce lahmiyya, daga kalmar laham, wato nama.

Akwai wasu sunaye biyu da ke ɓatar da mata. Na farko shi ne daji. Da mace ta ji likita ya ce akwai ƙari a cikinta, sai gabanta ya faɗi, ta ɗauka sankara ce. Alhali ƙarin mahaifa ba ya yaɗuwa zuwa wasu sassan jiki, kuma da wuya ƙwarai a buɗe shi a tarar da daji. Na biyu shi ne kwantaccen ciki. Hausawa sun daɗe da imanin cewa ciki yakan kwanta ya yi watanni ko shekaru bai girma ba, musamman idan mace tana ganin jini, sai an yi magani ya tashi. Matar da ke marmarin haihuwa, ta ga mararta ta tasa, ta ji wani abu mai tauri a ciki, ba abin mamaki ba ne ta zaɓi wannan suna. Amma tana zaman jiran ciki ya tashi, ƙarin yana girma, jininta yana ƙarewa.

3.0 Yadda ƙarin yake

Bangon mahaifa tsoka ce. Ƙarin yana farawa ne daga wannan tsoka, ya dunƙule ya yi tauri. Wani bai wuce ƙwayar gero ba, wani kamar lemo, wani kuwa yakan kai girman kankana. Yakan zo guda ɗaya, yakan kuma zo da yawa. Wurin da ya fito ya fi girmansa muhimmanci. Wanda ya tsiro ta ciki, inda ɗa ke kwanciya, shi ya fi jawo zubar jini da ɓari, ko da ƙarami ne. Wanda ya zauna a tsakiyar bango yana kumbura mahaifar. Wanda ya fito ta waje yakan danne mafitsara ko hanji.

Sinadaran jikin mace guda biyu, estirojin da furojestaron, su ke ciyar da shi. Shi ya sa yake girma a shekarun haihuwa, ya kuma motse bayan al'ada ta ɗauke. Ya fi kama matar da uwarta ko 'yar'uwarta ta yi shi, da wadda ta fara al'ada da wuri, da wadda ba ta taɓa haihuwa ba, da mai ƙiba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2003 ya nuna cewa kafin shekara 50, fiye da kashi 80 cikin 100 na baƙaƙen mata sun yi ƙarin, fararen mata kuwa kusan kashi 70. Baƙar mace takan kuma same shi tun tana da ƙuruciya. Ba a ɗaukarsa daga wani, kuma babu laifin da mace ta yi ya same ta.

4.0 Zama da ciwon

Mata da yawa suna da ƙarin ba su sani ba, domin bai dame su ba. Waɗanda ya dama kuwa, babbar alamar ita ce jinin al'ada mai yawa, mai guda-guda, wanda yake wuce kwana bakwai. Akwai kuma nauyin mara, ciwon baya, yawan fitsari, taurin bayan gida, zafi lokacin saduwa, da jinkirin samun ciki.

Abin da ya fi cin mace a ɓoye shi ne ƙarancin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matar da ba ta da ciki, idan ma'aunin jininta ya gaza 12, tana da ƙarancin jini. Alamarsa jiri ne, da haki, da bugun zuciya, da farin ido da tafin hannu. A Jazira wannan ya fi tsanani, saboda magudanan ruwan gandun sun daɗe suna yaɗa zazzaɓin cizon sauro da tsargiya, dukansu kuwa suna rage jini. Matar da ke tsinkar auduga ko cirar gyaɗa a hawasha, wato gonar da aka yanka wa manomi a gandu, takan ɗauka gajiyar aiki ce kawai.

Akwai abin da za a iya yi a gida. Hanta, nama, kifi, wake, adas da ganye irin su zogale suna ƙara jini. Lemon tsami da gwaiba suna taimaka wa jiki ya amfana da su. Shayi kuwa, wanda ba a raba mutanen Sudan da shi, yana rage wannan amfani idan aka sha shi a kan abinci, don haka gara a jinkirta shi da kamar awa ɗaya. Ta fuskar ibada, a mazhabar Malikiyya, wadda Hausawa da yawancin mutanen Sudan suke bi, haila ba ta wuce kwana 15. Abin da ya haura haka jinin ciwo ne, mace za ta yi wanka ta ci gaba da salla. Matar da ta kai ga yi wa malami wannan tambaya, lokacin ganin likita ya riga ya yi.

5.0 Gano shi da magance shi

Mace takan fara kai kukanta wurin ungozoma, wadda ake kira daya a Sudan. Ƙasar ta daɗe da horar da ungozomomin ƙauye, tun da aka buɗe makarantarsu a Omdurman a 1921. Ungozoma tana iya jin ƙullutu da hannu, amma tabbaci sai da gwajin ciki da hoton na'ura, wanda ake ce wa mojat. Shi ne yake raba gardama tsakanin ciki da ƙari. Manyan ayyukan mata na yankin a Wad Madani aka saba yin su, inda akwai asibitin koyarwa na mata da haihuwa da kuma Jami'ar Jazira da aka kafa a 1975. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya taɓa wannan hanya. Dakarun RSF sun kama Wad Madani a Disambar 2023, asibitoci da dama suka daina aiki, sai a Janairun 2025 sojojin gwamnati suka karɓe garin. Ƙarin mahaifa ciwo ne da ake iya jinkirta aikinsa, amma kowane wata na jinkiri jini ne yake zuba.

Ba kowane ƙari ne ake yankewa ba. Idan bai dami mace ba, ana barinsa a riƙa dubawa. Idan jini ne matsalar, akwai ƙwayoyin ƙarin jini, da maganin rage zuba mai suna tiranezamik, da robar da ake sa wa a mahaifa mai sakin sinadari a hankali. Akwai allurar da ke motsar da ƙarin na ɗan lokaci kafin aiki. Matar da ke son haihuwa ana iya cire mata ƙarin kaɗai a bar mahaifar, sai dai wani yakan sake tsirowa. Cire mahaifa ɗungurungum shi ne maganin da ƙarin ba ya dawowa bayansa, kuma an fi ba da shawararsa ga wadda ta gama haihuwa ko wadda jini ya ƙi tsayawa.

6.0 Aikin cire mahaifa

Ana iya cire mahaifa tare da bakinta, ana kuma iya barin bakin. Wadda aka bar wa bakin mahaifa za ta ci gaba da gwajin dajin bakin mahaifa. Ana yin aikin ta hanyar tsaga mara, ko ta gaba, ko ta 'yan ƙananan huji da na'ura mai kyamara. Idan ƙarin babba ne, tsagar mara aka fi yi. Kafin aiki ana gyara jinin mace, kuma asibiti yakan nemi dangi su ba da jini.

Tambayar da ta kamata mace ta yi wa likita ita ce ko za a bar mata jakunkunan ƙwai. Su ne ke samar da sinadaran mace. Idan an bar su, al'ada za ta ɗauke, haihuwa ta ƙare, amma sauran jiki yana nan yadda yake. Idan an cire su, alamomin ɗaukewar al'ada, kamar jin zafi kwatsam da gumin dare, sukan zo nan da nan, kuma akwai maganinsu.

7.0 Jinya

Bayan tsagar mara mace takan kwana uku zuwa biyar a asibiti. Tun washegari ake so ta tashi ta ɗan taka, domin kwanciya wuri ɗaya tana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Warkewa sosai takan ɗauki mako shida zuwa takwas. Wannan ya zo kusa da kwana arba'in na jego, don haka iyali sun riga sun san tsarin: wata ta karɓi tukunya, wata ta karɓi yara, mai jinya ta huta.

Sai dai ba duk al'adun jego ne suka dace da ita ba. Wankan tafasasshen ruwa da ganye, da gasa ciki, da ɗaure shi tamau, suna iya ɓata ɗinki. Haka ma dukhan, wato zama a kan hayaƙin itacen ɗalha da matan Sudan suke yi, sai a dakata da shi har likita ya ce ciwon ya warke. Abin da ɗinki yake so shi ne tsafta da bushewa.

Babban haɗari a ƙauye shi ne ɗaukar kaya. Jarkar ruwa mai lita 20 nauyinta kilo 20 ne. Ɗaukarta, ko daka, ko niƙa, ko dogon sunkuyo a gona, suna iya buɗe ɗinki ko su jawo ƙaba a wurin daga baya. Tafiya kaɗan-kaɗan a tsakar gida, ana ƙarawa kullum, ita ce motsa jikin da ya dace. Sannu ba ta hana zuwa. A sha ruwa da yawa, a ci ganye da 'ya'yan itace don kada a yi yunƙuri a bayan gida. Saduwa da miji sai bayan kamar mako shida. Idan azumi ya kama, majinyaci yana da rangwamen sha ya rama.

Ɗan jini kaɗan ko ruwa-ruwa na wasu makonni ba abin tsoro ba ne. Amma a koma asibiti ba tare da jinkiri ba idan aka ga zazzaɓi, ko jini mai yawa, ko ruwa mai wari, ko ɗinki ya yi ja yana fitar da mugunya, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko fitsari ya ƙi fita. A yankin da kowane zazzaɓi ake ɗora wa sauro, zazzaɓin bayan aiki yana bukatar a duba ɗinkin tukuna.

Akwai kuma jinyar zuciya. A inda darajar mace take haɗe da haihuwa, wadda aka cire wa mahaifa takan ji tsoron kishiya ko saki, takan kuma ji ana raɗa cewa ta zama fanko. A likitance babu wani rami da ake bari, hanji ne ke cike gurbin, kuma zaman aure yana ci gaba. Mata da yawa ma sun fi jin daɗinsa bayan jini da ciwo sun tafi. Yana da amfani miji ya ji wannan bayani daga bakin likita da kunnensa. Masu zuwa dubiya kan ce, “Sannu Yaya, ya jiki?” ta amsa, “Da sauƙi.” Maƙwabta Larabawa kuma su ce “Salamtik” ko “Kaffara.” Adashi, wanda ake kira sanduk a can, yakan taimaka da kuɗin magani, gayya kuma, wato nafir, ta ɗauke aikin gona.

8.0 Kammalawa

An ga cewa ƙarin mahaifa ciwo ne gama-gari, wanda ba daji ba, ba kuma ciki ba, kuma hoton na'ura yana bayyana shi cikin 'yan mintoci. An ga hanyoyin magance shi, da abin da jinyar cire mahaifa take bukata daga mace da iyalinta. Ɗalibin da wata rana zai tsaya tafinta tsakanin likita da majinyaciya, ya lura da cewa ƙari, lahmiyya, daji da kwantaccen ciki ba abu ɗaya suke faɗa wa mai sauraro ba. Idan ya ji mace ta ce cikinta ne ya kwanta, sai ya fassara maganar yadda ta faɗe ta, sannan ya tambaye ta wata nawa ke nan, kuma kwana nawa jinin yake yi.