Yuranus: duniyar da kumbo ya leƙa sau ɗaya tak, masana na shirin komawa

A ranar 24 ga Janairun 1986 ne kumbon Voyager 2 na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ya gifta ta gefen duniyar Yuranus. A watan Agustan 1989 kuma ya wuce ta kusa da Naptun. Tun daga nan babu wani kumbo da ya sake zuwa waɗannan manyan duniyoyi biyu masu tsananin sanyi.

Ziyarar ma ta zo a lokacin da bai dace ba. Wani bincike da aka wallafa a 2024 ya nuna cewa ƴan kwanaki kafin isowar kumbon, guguwar da ke fitowa daga rana ta matse garkuwar maganaɗisun Yuranus. Ke nan kusan shekaru 40 masana suna gina ilimi a kan yanayin da ba kasafai duniyar ke shiga ba.

A Afrilun 2022 majalisar masana kimiyya ta Amurka ta shawarci NASA da ta fifita Yuranus a kan sauran sababbin manyan ayyukanta. Shirin shi ne kumbo marar matuƙi da zai yi shekaru yana kewaya ta, ya kuma jefa ƙaramar na'ura cikin iskarta. An ƙiyasta kuɗinsa a kan dala miliyar 4.2.

Babbar matsalar ita ce lokaci. Idan aka harba kumbon a 2031 ko 2032, ƙarfin jan duniyar Jupita zai wurga shi gaba kamar dutse a majajjawa, ya isa cikin shekaru kusan 13. Idan wannan dama ta wuce, sai doguwar hanya ko roka mafi ƙarfi.

Sai batun lantarki. Hasken rana a can bai kai kashi ɗaya cikin 300 na wanda ke sauka a duniyarmu ba, don haka faifan sola ba zai wadatar ba. Dole sai sinadarin fulutoniyom-238, wanda Amurka ta daina sarrafawa a ƙarshen shekarun 1980, ta kuma dawo da shi kaɗan-kaɗan daga 2015. Ƙarancinsa da na kuɗi na iya jinkirta tafiyar. (Af, yuraniyom ɗin da ake haƙa a Arlit daga sunan wannan duniya ya samo nasa, a 1789.)

Yuranus a kishingiɗe take juyawa, kuma shekaru 84 take ɗauka kafin ta kewaye rana. A 1986 ɓangaren kudu ne kawai ke cikin haske, shi ya sa har yau ba a ga arewacin manyan watanninta ba. Wajen 2050 hasken zai riƙa ratsa ɓangarorin biyu, lokacin da masana ke son kumbon ya kasance a can.

Naptun kuwa sai haƙuri: a 2021 NASA ta ajiye shirin Trident na leƙa watanta Triton, ta zaɓi ayyuka biyu zuwa duniyar Zahara.