Waƙafi da waƙafi mai ruwa a rubutun Ingilishi

Waƙafi mai ruwa (;) ya fara bayyana cikin ɗab'i a birnin Benis na Italiya, a maɗaba'ar Aldus Manutius, cikin shekarun 1490. A zamanin da, tsawon tsayawar mai karatu yake nunawa: ta fi ta waƙafi, ba ta kai ta aya ba. A Ingilishin yau kuwa, ginin jimla ne ke hukunta inda za a sa shi.

Babban aikinsa shi ne haɗa jimloli biyu waɗanda kowace ke iya tsayuwa da kanta, amma ma'ana ta ɗaure su. In akwai mahaɗi irin su "and", "but" ko "so", waƙafi ya wadatar: "The rains came late, and the millet failed." In aka cire mahaɗin, sai waƙafi mai ruwa ko aya: "The rains came late; the millet failed." A nan ne wanda ya yi karatu da Faransanci ke yawan tuntuɓe, domin Faransanci yana yarda a jera irin waɗannan jimloli da waƙafi kaɗai, alhali ƙa'idar rubutun Ingilishi tana lissafa hakan cikin kurakurai. Hausa ma ba ta tsamo shi, tun da "Damina ta makara, hatsi ya lalace" jimla ce lafiyayya.

Kalmomin "however" da "therefore" sun fi ruɗarwa. Suna kama da mahaɗi, amma bayanau ne. Shaida ita ce "however" tana iya ƙaura zuwa tsakiyar jimla ko ƙarshenta, "but" kuwa ba ta motsawa. Saboda haka in ɗayansu ta buɗe jimla ta biyu, waƙafi mai ruwa ke gabatarta, waƙafi ya biyo bayanta: "The seed arrived; however, the season was over."

Aiki na biyu ya shafi jerin da gaɓoɓinsa ke ɗauke da waƙafi a cikinsu: "Zinder, Niger; Kano, Nigeria; Kumasi, Ghana." Da waƙafi kaɗai aka yi, wanda bai san wuraren ba sai ya ƙidaya shida maimakon uku, mai fassarar rahoto bai kamata ya raina wannan ba.

Ba a sa shi tsakanin jimla da yankin da ya dogara da ita: "When the rains came, they sowed." Wajen bugawa kuma, Faransanci yana barin fili kafin alamar, Ingilishi yana manna ta da kalmar da ta gabace ta.