Mai haƙar dutse, ka tuna da mai gona

Da zarar an gama girbi, an zuba hatsi a rumbu, samari da yawa sukan ɗauki diga da shebur su nufi daji. Wasu zinariya suke nema. Wasu suna tono farin dutsen nan mai ƙyalli da ake sawa cikin siminti, irin wanda ake kai wa Malbaza. Wasu kanwa, wasu kuza a duwatsun Abzin, wasu kuwa ƙasar gini da tsakuwa kawai. Akwai kuma masu tsintar kyawawan duwatsu don su ajiye ko su sayar. Duk neman halak ne, ba mai hana shi. Amma haƙa tana da ladubbanta, kamar yadda noma da kiwo suke da nasu.

A Turai da Amurka akwai ƙungiyoyin mutane masu tara duwatsu don sha'awa. Sun rubuta wa kansu ƙa'idodi: kada a shiga filin wani sai da izininsa, kada a ɗiba fiye da bukata, a cike duk ramin da aka tona don kada dabba ta faɗa. Su wasa suke yi da dutse. Mu da muke cin abinci da ƙasar, mun fi su bukatar kiyaye wannan.

Sallama kafin diga

Gona tana da mai ita, ko da a rani ne ba komi cikinta sai kara. Burtali da makiyaya na masu dabbobi ne. Bakin rijiya da maƙabarta na jama'a ne duka. Saboda haka aikin farko shi ne a je wurin mai gona da maigari a yi sallama, a faɗi abin da ake nema. A daidaita gaban shaidu: ina za a haƙa, har yaushe, wa zai cike ramin, me za a biya in an ɓata shuka. Tun 1993 Nijar take da dokar karkara, kuma a ƙarƙashinta aka kafa kwamitocin kula da filaye. Suna iya rubuta yarjejeniyar a takarda. Mai karatun yaƙi da jahilci, ga inda karatunka zai yi maka rana: karanta kafin ka sa hannu.

A sani kuma, bisa doka, ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa dukiyar ƙasa ce. Mai son haƙa don sayarwa yana bukatar takardar izini daga hukumar ma'adinai. Samun takardar bai ba shi damar wulakanta mai gona ba.

Ƙasar sama da ramin da aka bari

Kowane manomi ya san ƙasar sama ita ce mai albarka. A nan taki yake, da ruɓaɓɓen ganye, da irin ciyawa. Kaurinta sau da yawa bai wuce taƙi ɗaya ba, kuma takan ɗauki shekaru masu yawan gaske kafin ta taru. Mai gaggawa yakan haɗa ta da jar ƙasa da tsakuwar da ya fito da su daga ƙasan rami, ya watsa ko'ina. Daga nan wurin ya mutu, gero ba ya tsayuwa.

Gyaran ba shi da wuya. A kankare ƙasar sama a tara ta gefe ɗaya. Ƙasar ciki a tara ta wani gefen, nesa da bakin rami, don nauyinta kada ya rufto da bango. In an gama, a fara mayar da duwatsu da ƙasar ciki, a daddanna, sannan a shimfiɗa ƙasar sama a kai, ta ɗan yi tudu domin za ta zauna bayan ruwan farko. Kada a haƙa a gindin gawo ko aduwa ko magarya. Saiwa in ta yanke, icce yana bushewa a tsaye, ba a gane ba sai baɗi. Mutanen Ader sun nuna wa duniya cewa da tassa da rabin wata ana rayar da fako. Abin takaici ne wasu su sha wahalar rayar da ƙasa, wasu kuma su bi baya suna kashe ta.

Ramin da aka tafi aka bari buɗe tarko ne. Da damina ciyawa kan rufe bakinsa. Saniya ta zo ta faɗa ta karye, sai yanka. Makiyayi ya ce laifin mai gona ne, mai gona ya ce bai sani ba, mai haƙa kuwa ya daɗe da komawa garinsu. Rigima ta tashi tsakanin mutanen da ba su tona komi ba. In ramin ya cika da ruwa, yara kan je wanka, wani ya nitse. Sauro kuma yana yin ƙwai a ciki. Da zafi, cikin kwana 10 ko ƙasa da haka ƙwan ya zama sauro mai cizo, masassara ta shigo gari. In ba a iya cike rami a ranar ba, a kewaye shi da ƙaya, a sanar da masu kiwo.

Ran mai haƙa da na iyalinsa

A watan Nuwamba na 2021, rami ya rufta da masu neman zinariya a Garin Liman, kusa da Ɗan Isa, jihar Maraɗi. Aƙalla mutum 18 suka rasu. Allah ya jiƙan su. Ƙasa ba ta yin kashedi sosai kafin ta rufta. Abin da ke jawo haka sananne ne: ramuka kusa da juna, kowa yana rarake ƙarƙashin na ɗan uwansa, ba a bar ginshiƙi ba, ba a tokare bango ba. Ladabi shi ne ka bar tazara tsakaninka da maƙwabcinka, ko da ka ga jijiyar dutse ta nufi wajensa. Kada mutum ya shiga rami shi kaɗai. A bar wani a sama da igiya. Kada a shiga bayan ruwan sama. Kada a saukar da injin jan ruwa cikin rami, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari, mutum sai ya ji barci, ba zai farka ba.

Sai maganar ƙura. Mai fasa dutse a bushe yana shaƙar ƙura mai laushi, ta zauna cikin huhu, ba ta fita. Bayan shekaru numfashi ya riƙa gaza masa, kuma tarin fuka ya fi saurin kama shi. Ba a da maganin da ke warkar da huhun da ya lalace haka. A yayyafa wa dutse ruwa kafin a fasa, a tsaya ta inda iska ke fitowa.

Abin da ya faru a Zamfara, maƙwabtanmu na kudu, ya isa darasi. A 2010 aka gano yara suna mutuwa a ƙauyuka kamar Dareta da Ƴargalma. Maza suna kawo dutsen zinariya gida, ana daka shi ana niƙa shi a tsakar gida. Ashe dutsen cike yake da dalma. Ƙurar ta bi ƙasa, yara masu rarrafe suka riƙa kai ta baki. Kusan yara 400 suka mutu, dubbai suka kamu. Saboda haka dutsen ma'adini ba ya shiga gida. Turmin hatsi ba na dutse ba ne. A wanke jiki, a sake tufafi kafin a ɗauki yaro. Ruwan da aka wanke ƙasar zinariya da shi kada ya gangara tabki ko rijiya. Ita kuwa zaiba da ake kama zinariya da ita, hayaƙinta yana lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda. Ba a ƙona ta a ɗaki, ko kusa da mai ciki.

Abin da ba na kasuwa ba

Wani lokaci diga kan ci karo da abin da ba a nema ba: ƙashi da ya zama dutse, tsohuwar tukunya, kan kibiya na dutse. A Gadufawa, gabas da Agadas, an tono ƙasusuwan manyan dabbobi da suka rayu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, har da wani ƙaton kada. Mai zuwa Yamai yana iya ganin irinsu a gidan tarihi na Bubu Hama. A Bura kuma, yammacin ƙasa, masu kwaɗayi sun tone tsofaffin kaburbura sun sayar da tukwanen a ƙasashen waje, tarihin wurin ya tafi tare da su. Tun 1997 akwai dokar da ta kare irin waɗannan kayan tarihi.

Masana suna karanta labarin abu ne daga wurin da yake kwance da irin ƙasar da ta rufe shi. In an ciro shi, rabin labarin ya ɓace. Wanda ya gamu da irin wannan ya dakatar da haƙa, ya mayar da ƙasa a hankali, ya sa alama da duwatsu, ya je ya shaida wa maigari, shi kuma ya kai labari ga magajin gari.