Gwazar Gwanzu: abin da ke ƙarƙashin kwano

Jama'a masu saurare, musamman ku fatake da ke zuwa sarin kaya Gwanzu a kudancin Sin, yau hirarmu kan wani girki ce da za ku iya cin karo da shi in mai masana'anta ya gayyace ku liyafa. Mutanen lardin Guangdong suna ce masa wu tau kau yuk. Wu tau ita ce gwaza, wadda wasu ke kira makani. Naman kuwa tumbin alade ne.

Ga yadda suke yi. A tafasa naman, a tsattsaga fatar, a soya, a yanka fale-fale. Ita ma gwazar a yanka a soya. Sai a jera a kwano, nama ɗaya gwaza ɗaya, a zuba jar awara mai tsami wadda ke musu aikin daddawa, da miyar waken suya, da sukari, sau da yawa har da giyar shinkafa. A turara wajen awa 2, sannan a kife kwanon kan faranti. Abincin biki ne da sabuwar shekara.

To, me jiki ke samu? Gram 100 na ɗanyen tumbin alade na da kalori sama da 500, rabin nauyinsa kitse ne. Gram 100 na dafaffiyar gwaza kuwa kalori wajen 140 ne, ga harza mai gyara ciki, ga sinadarin fotasiyam. Amma a wannan girki gwazar ce ke shanye kitsen da gishirin. Don haka ko su can, mai hawan jini ana ce masa ya yi a hankali.

Nan ne batun ya shafe ka, ɗan'uwa. Kada ka ce za ka tsame gwazar ka bar naman, ai romon ya riga ya ratsa ta. Sannan a takardar abincin Sinawa, in aka rubuta "nama" kawai ba a faɗi na wace dabba ba, yawanci alade ake nufi. Nemi alamar 清真, wato halal, a ƙofar gidan abinci. Unguwar Xiaobei cike take da su.

In kuma dabarar ta burge ka, a gwada a gida da ƙirjin rago, a rage gishiri. A dai dafa gwazar ta nuna sosai, don ɗanyarta na ƙaiƙayin maƙogwaro.