Wa Zai Riƙe Yaron Idan An Yi Tafiya? Darasi Daga Hajji Abdalla

Garin Hajji Abdalla yana kusa da gaɓar Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, kan hanyar da ta tashi daga Wad Madani ta nufi Sinnar. A ƙauyukan wannan yanki akwai Hausawa da suka daɗe da zama. Kakannin wasu niyyar aikin hajji ce ta fito da su, wasu kuma sun biyo ayarin Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu noman auduga ne ya jawo su bayan kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925. Mutane ne da tafiya ta haifa, kuma tafiya ba ta rabu da su ba. Magidanci kan tafi girbin riɗi a Gadarif, ko haƙar zinariya a arewa, ko ci-rani a Saudiyya.

Idan aure na nan, uwa ce ke tsare gida. Amma idan aure ya mutu, sannan ɗaya daga cikin iyayen ya yi nisa, sai tambaya mai nauyi ta taso: a hannun wa yaro zai kwana, kuma wa zai ciyar da shi?

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara wa tambayar nan zafi. A Disambar wannan shekara mayaƙan RSF suka shiga Wad Madani, jama'ar Jazira suka watsu zuwa Sinnar da Gadarif da Kasala. Ko da sojoji suka karɓe birnin a Janairun 2025, an riga an raba iyalai, kuma wanda ya gudu da yaro a ranar tashin hankali ba lalle ne shi ne mai haƙƙin riƙonsa ba.

Al'ada da shari'a

A al'adarmu, daga Katsina har Maraɗi, akan ce ɗa na uba ne. Da zarar an yaye shi sai a aiko a ɗauka, ko da uban ba ya gari, a miƙa shi ga matar uba ko ga gwaggo. Fiƙihun Malikiyya, wanda muke karantawa a Risala da Mukhtasar, bai tafi a kan haka ba. Riƙo, wanda malamai ke kira hadana, na uwa ne har namiji ya balaga, mace kuwa har ta tare a ɗakin mijinta. Idan uwa ta yi wani aure ko ta gaza, riƙon ya koma ga mahaifiyarta, sannan ga 'yar'uwarta, kafin a waiwayi dangin uba.

Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyadina Umar (RA), bayan ya rabu da matarsa Ba'ansariya, ya tarar da ɗansa Asim yana wasa a Kuba, ya ɗora shi bisa dabbarsa. Kakar yaron ta wajen uwa ta tare shi, aka kai ƙara gaban Halifa Abubakar (RA), ya ce a bar mata yaron. Umar bai yi musu ba. In har Umar ya sakar wa tsohuwa jikanta, wane ne zai ce girmansa ya hana?

Dokar iyali ta Musulmin Sudan ta 1991 ta ɗan bambanta. Ta bar namiji a hannun mata har shekara 7, mace har shekara 9, amma ta ba alƙali damar tsawaita lokacin idan ya ga hakan ne maslahar yaro. A Yulin 2020 kuma aka soke sharaɗin da ke hana uwa fita ƙasar da 'ya'yanta sai da izinin ubansu.

Ba kowace tafiya ba ce ƙaura

Malaman Malikiyya sun raba tafiya gida biyu. Akwai ta ƙaura, wadda mutum zai tare a wani gari, akwai kuma ta fatauci ko ziyara. Idan uba zai ƙaura zuwa nisan baridi 6, wato mil 72, fiye da kilomita 100, yana iya tafiya da yaron, bisa sharaɗin hanya da masauki su kasance da aminci. Daga Hajji Abdalla, Wad Madani da Sinnar ba su kai wannan nisa ba, Gadarif kuwa ta wuce. Amma mai zuwa girbin riɗi ɗan ci-rani ne, ba mai ƙaura ba, don haka ba shi da hujjar raba yaro da uwarsa. Hanyar da ake harbi a kanta kuma ba ta cika sharaɗin aminci ba.

Haka nan uwar da wani uzuri kamar rashin lafiya ya raba ta da ɗanta, idan uzurin ya gushe riƙo yana dawo mata. Ya kamata dattawa su dubi wadda gudun hijira ya jefa wani gari da wannan ido, kada a ce ta yar da ɗanta alhali ranta ta tsere da shi.

Nauyin da ba ya tafiya

Abu ɗaya ne nisa ba ya saukewa: ciyarwa. Abinci da tufafi da magani da kuɗin makaranta suna wuyan uba, ko yana gida ko yana Jidda. Sau da yawa kaka ce ke karɓar yaro, ga tsufa, ga rashin ƙarfi, sai ta wayi gari tana tura shi talla ko gonar wani. Ana yaba mata da baki, ba a aiko mata da ko mudu ɗaya.

Saboda haka, ya ku iyaye, kafin a ɗaura kaya a zauna gaban liman da shaidu biyu, a rubuta abubuwa huɗu: wanda zai riƙe yaron, abin da za a riƙa aikowa da lokacinsa, wanda zai yanke shawara idan ciwo ya taso cikin dare, da kuma inda yaron zai koma idan matafiyi ya dawo. A bar takardar haihuwa da katin rigakafi a hannun mai riƙo. A kuma bar yaro ya ji muryar wanda ba ya nan ta waya, kada a cika masa kunne da laifin uwarsa ko na ubansa, domin zafin saki na manya ne.

Yaro amana ce, za a tambayi wanda ya tafi kamar yadda za a tambayi wanda ya zauna. Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya haɗa iyalan da suka rabu, Ya shirya mana zuriya. Amin.