Waiwaye Kan Fitowar Mac Pro da Mas'alar Allonta

Ranar 7 ga watan Agusta na shekarar 2006, a birnin San Faransisko na ƙasar Amurka, a taron da kamfanin Apple ya saba shirya wa marubuta manhaja kowace shekara, aka fito da wata kwamfuta mai suna Mac Pro, wadda ba don mai buga wasiƙa ko mai lissafin kanti aka ƙera ta ba, sai don ma'abota aiki mai nauyi, irin masu tace fim da masu zanen gine-gine da masu binciken kimiyya. Da fitowarta ne kwamfutocin Mac suka kammala hijirar da aka yi shelarta a watan Yuni na 2005, daga ƙwaƙwalwar PowerPC zuwa ta Intel. Dalilin hijirar kuwa ba ɓoyayye ba ne, domin tun 2003 shugaban Apple na lokacin, Steve Jobs, ya yi alkawarin kwamfutar G5 mai ƙwaƙwalwar PowerPC za ta kai gudun gigahaz 3 cikin shekara guda, alkawarin bai cika ba, zafi kuma ya yi ta addabar ta har ta kai wasu samfuranta sai da ruwa ake sanyaya su.

Abin da ya fi jan hankalin jama'a shi ne ƙwaƙwalwar Xeon guda biyu da aka ɗora mata, kowace ɗaya tana ɗauke da cibiyoyin lissafi biyu, jimilla huɗu ke nan, masu gudun gigahaz 2.66 a samfurin dala 2,499, wanda ya so kuma ya zaɓi mai 2 ko mai 3. Amma wajibi ne mai hankali ya yi tahƙiƙi kafin ya ɗauka huɗu na nufin ninki huɗu. Lamarin kamar gayya ne: kunyoyin gona suna rabuwa tsakanin majiya ƙarfi, alhali kuwa akwai aikin da ba ya rabuwa, sai wani ya gama wani ya ɗora. Tun 1967 masani Gene Amdahl ya kafa wannan ƙa'ida, kuma bisa lissafinta, idan kashi ɗaya cikin goma na aiki ba ya rabuwa, cibiyoyi huɗu ba za su ba da fiye da ninki uku da ɗan ɗoriya ba, ko da an tara dubu kuwa ba za a haura ninki goma ba.

A ganina, inda hisabin mai saye ya fi tsanani shi ne wajen allo, domin wancan farashi na akwatin ne kawai. Kamfanin yana da alluna uku a lokacin: mai inci 20, da mai inci 23 mai ɗigo 1,920 a kwance da 1,200 a tsaye, sai babban cikinsu mai inci 30, wanda ke da ɗigo 2,560 a kwance da 1,600 a tsaye, wato ɗigo miliyan huɗu da 'yan kai, faɗin da zai ba mai tace fim damar ajiye cikakken hotonsa a gefe guda, kayan aikinsa kuma a jere a ɗaya gefen, ba tare da wani ya rufe wani ba. Sai dai babban yana da sharaɗi: kafar jona allo ta DVI ta yau da kullum iyakarta ke nan a allon inci 23, saboda haka mai inci 30 ba ya nuna cikar kyansa sai da kafa mai layi biyu.

A nan katin hoto ya zama alƙali. Katin da ya zo da na'urar, GeForce 7300 GT, kafa ɗaya tak gare shi mai layi biyu. Wanda ke muradin manyan alluna biyu a kan kati guda sai ya ƙara kuɗi ya ɗauki Radeon X1900 XT, ko kuma Quadro FX 4500, wanda har kafar tabarau mai nuna zurfin hoto yake da ita saboda masu nazarin siffofi. Da yake kuma gurbin kati huɗu ne a cikin akwatin, mai buƙata yana iya jera alluna har takwas, ko da yake, in ban da ɗakin sa ido ko ɗakin bincike, ban ga idon da zai ci moriyarsu duka ba.

Allon inci 30 ya fito ne a 2004 a kan dala 3,299, a ranar fitowar Mac Pro aka sauke shi zuwa dala 1,999. Wanda ya haɗa shi da akwatin a wancan lokaci, dala 4,498 ya biya, kusan rabinsu kuwa na allo ne.